Abin da aka tattauna kan auren waɗanda suka warke daga ciwon daji tun suna yara

Ga abin da na tattaro daga bakin 'yan uwa na Katsina da Daura.

1. Kowa ya yarda cewa ciwon daji ba ya yaɗuwa ta zaman aure, kuma yawancin na yara ba gado ba ne, ban da kaɗan kamar na ƙwayar ido.

2. An fi daɗewa kan haihuwa. Wasu alluran ciwon daji da gasa ciwon da na'ura a wajen mara kan raunana maniyyi ko ƙwan mace, amma ba kowa abin ke shafa ba, saboda haka aka ce ma'auratan su je gwaji tare a asibitin koyarwa na Katsina, domin a wajenmu mace ake fara zargi idan haihuwa ta yi jinkiri.

3. Ra'ayi ya rabu kan wanda za a faɗa wa cewa mutum ya taɓa yin ciwon. Wasu sun ce a sanar da iyaye kafin kai kuɗin gaisuwa, wasu kuma sun ce saurayi ko budurwa kaɗai, gudun tsegumin dangi kan tabon tiyata ko idon roba. Ni ina tare da na farko, domin ɓoyewar ta fi jawo rigima bayan biki.

4. Mai ciki ta faɗa wa likitan awo magungunan da ta sha tana ƙarama, saboda wasunsu kan taɓa zuciya.