Dole ne sai na zama abin da gidanmu suka zama?

Ɗan_Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema kuma kar a zage ni. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, gidanmu gidan malamai da alƙalai ne tun kaka da kakanni, Baba da kansa ya zaɓa min kwas lokacin cike JAMB, yanzu haka ina aji 2 a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), harabar Kongo, ina karatun lauya. Ba faɗuwa nake ba alhamdulillah, amma wallahi zuciyata ba ta wajen. Tun ina ƙaramar sakandare nake zama a zauren wani maƙwabcinmu mai ɗinkin babbar riga, shi ya koya min zana aska biyu da aska takwas a kan shadda kafin a bi da zare, in na riƙe allura sai dai in ji ana kiran la'asar ban san lokaci ya tafi ba, amma a lakca minti 20 na fara hamma. So nake in koma babbar harabar jami'ar da ke Samaru, sashen Industrial Design ɓangaren yadi. Na ɗan taɓa wa Umma maganar ta ce rufa min asiri, Kawu kuma da ya ji cewa ya yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai jikan alƙali ne zai ƙare a tela. Shin mutum ba shi da ikon zaɓar abin da zai zama ne? Ko rashin biyayya ne?

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Biyayyar iyaye wajibi ce, wannan ba a ja. Amma sana'ar hannu ba ƙasƙanci ba ce, Annabi Dawud (AS) sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Kuma da Sahabbai suka tambaya ko su dogara da ƙaddara su bar aiki, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi su yi aiki, kowa an sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. To zaɓi kana da shi, don shi ne ma za a yi maka hisabi. Abin da ba ka da shi shi ne ɗaga wa mahaifinka murya ko ka canza kwas a ɓoye. Ka yi istihara.

BaSamare:
Kawunka ya manta ɗaya karin maganar, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura 😂 Mamman Shata mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, gani yake roƙo ne, amma ABU ɗin nan taku ce ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Kuma a garin nan ne a 1958 wasu ɗalibai masu koyon zane, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka haɗa ƙungiya suka ce ba za su yi ta kwaikwayon zanen Turawa kawai ba, sai sun sa na gargajiyarsu a ciki, yau duk wanda ya karanci zane a Najeriya sai ya bi ta kansu. Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne ranar hawan sallah kowa na taƙama da rigar Zazzau a Babban Dodo, amma ba mai son ɗansa ya zama wanda ya ɗinka ta.

Injiniya_PZ:
BaSamare Shata guda ɗaya ne fa, nawa ne suka bar makaranta don waƙa yanzu suna kabu-kabu a Kwangila? Ni ba na cewa kar ya bi ra'ayinsa amma wanda ake biya wa kuɗin makaranta da na abinci zaɓinsa ragagge ne, gaskiya ɗaya ce. Riga ɗaya ta hannu sai ta ci makonni, ga masu keken kwamfuta suna fitar da ita a yini kuma a araha. Ka gama lauyanka, allura ba ta buƙatar satifiket, ka yi ɗinkinka da hutu.

Maman_Ilham:
Ƙanina ka saurare ni da kyau. Ni malamar asibiti aka so in zama, na yi karatun na gama na karɓi takarda na miƙa wa Babanmu, yau shekara da shekaru girki nake na biki da suna, daga Tudun Wada har Sabon Gari ake kirana kuma da shi nake biya wa yarana makaranta, takardar tana cikin akwati. Ban ce karatun bai amfane ni ba amma da an saurare ni tun farko da ban sha wahalar da na sha ba, kullum ciwon kai kullum kuka a hostel, ana cewa aljanu ne. Injiniya ya ce a yi ta haƙuri, to lauya shekara 5 ce ga kuma makarantar lauyoyi bayanta, ba ƙaramin haƙuri ba ne ga wanda ransa ba ya so.

Sai dai ka gane wani abu, Babanku ba ɗinkin yake ƙi ba, abin da za a ce a masallaci da wajen ɗaurin aure yake tsoro, an ce ɗan wane ya kasa. Don haka kar ka tunkare shi kai tsaye, kuma kar ka sa Umma a tsakiya a ce ita ta ɗaure maka gindi. Ka nemi amininsa ko Hajiya kaka in tana raye, su ne in sun yi magana ba ya musu. Kuma kar ka je da baki kawai. Ka zauna ka ɗinka masa riga da hannunka, ta gani ta faɗa, ka bari ya sa ta ranar Juma'a mutane su tambaye shi wa ya yi, sannan a yi maganar.

Ɗan_Kwarbai:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti wallahi kamar kin san gidanmu, Hajiya tana nan kuma ni ne ɗan gatanta, can zan fara. Injiniya na ji taka ma, ban yanke ba tukuna. Don Allah akwai wanda ya taɓa canza kwas daga Kongo zuwa Samaru? Ana mayar da mutum aji 1 ne ko yaya abin yake?