Tattabaruna sun ƙi dawowa gida, a ina na yi kuskure?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Wata biyar da suka wuce na sayi tattabarun tsere guda 6, manya, a hannun wani da ya daɗe a harkar. Na tsare su a ɗaki mako 3, ci da sha ba abin da suka rasa, har suna cin hatsi a tafin hannuna. Ran da na buɗe musu ƙofa, huɗu suka yi sama, suka zagaya sau biyu, suka miƙe. Washegari mai su na da ya kira ni yana dariya, wai ga su can a kan rufinsa.

Biyun da suka rage suna kwance kan ƙwai ne, suka ƙyanƙyashe mini 'yan shila biyu. Da suka kai mako 10 na sa su a kwando, na kai su nisan kilomita 30 na sake. Ɗaya ya dawo bayan kwana 3, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Ɗayan har yau shiru. Yanzu ga wasu biyu a sheƙa, makonsu 3. Ni na ɗauka sanin hanyar gida a jininsu yake. In haka ne, me ya faru? Yaya zan yi da waɗannan?

Dattijo mai kiwo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sai haƙuri, duk mun bi ta nan. Huɗun nan ba su ɓata ba, gida suka tafi. Kai ne kake ganin ɗakinka gidansu ne. Tattabara tana riƙe wurin da ta fara tashi, kuma babba wadda ta riga ta yi tsere da wuya ta sauya, ko shekara ka tsare ta. Irinsu don haihuwa ake sayensu.

'Yan shilan nan na sheƙa su ne jarinka. Da sun kai kwana 28 zuwa 30, suna tsattsagar abinci da kansu, ka raba su da iyayen. Kullum ka ɗora su a bakin ƙofa cikin keji na waya, su yi ta kallon rufi, bishiyoyi da inda rana take fitowa. A yi wannan tun fiffike bai yi ƙarfi ba, don wanda ya yi ƙarfi kafin ya san unguwa, tashin farko sai ya wuce iyakar saninsa. Ka koya musu shiga ta ƙofar nan mai sandunan ƙarfe masu lilo, wadda ake shiga ba a fita. Da hannu za ka fara tura su, sau da yawa.

Sannan yunwa. Kada ka taɓa sakin tattabara da cikakken maƙoshi. Ka zuba hatsi a gwangwani, duk lokacin ciyarwa ka girgiza shi ko ka yi fito iri ɗaya. Nawa, ko suna can ƙololuwa, da sun ji ƙarar gwangwanin nan sai ka ga sun naɗe fiffike sun zubo.

Wata 'yar'uwa mai karance-karance:

Baba ya gama magana, sai dai in ƙara a kan batun jini. Baiwar gaskiya ce, amma kayan aiki ne da sai an wasa. Tattabara tana auna alƙibla da rana, tana haɗawa da agogon jikinta. An gwada haka a Jamus: aka ajiye su a ɗakin da aka gusar da dare da rana da awa 6, da aka sake su sai suka karkace da kusan digiri 90. A 1971 kuma William Keeton na Jami'ar Cornell a Amurka ya ɗaura musu ƙananan maganaɗisu. Ranar da rana take a fili ba su damu sosai ba, ranar hadari kuwa suka rikice, alamar suna jin maganaɗisun duniya. A Italiya Floriano Papi ya nuna cewa waɗanda aka hana su jin ƙanshi ba sa gane hanya daga baƙon wuri. Masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila, a 2004, sun ga cewa a yankin da suka sani har titin mota suke bi, su karya kwana inda ya karya.

Abin da ya shafe ka, Malam, shi ne aunawa da rana koyonsa suke yi, yana kankama ne wajen wata 3 da haihuwa. Naka da ka sake, mako 10 kacal gare su. Wanda ya dawo ma jarumi ne, ka riƙe shi da kyau.

Wani mai tsere:

Ni dai ban yarda a ce duk abin horo ne ba. Akwai tattabarar da ko me ka yi mata ba za ta yi nisa ba, shi ya sa mutanen Beljiyam, inda tseren zamani ya samo asali, suka kwashe fiye da shekara 150 suna tace iri. Kuma kada a manta da shaho. Mai yiwuwa wanda bai dawo ba yana kan hanya daidai aka sure shi.

Amma kilomita 30 a fitar farko ganganci ne, ɗan'uwa. Ka bari sai suna shawagi a kan gida na kusan awa guda, suna ɓacewa daga ido suna dawowa da kansu. Daga nan ka fara da kilomita 2, ka maimaita, sai 5, sai 10, sai 20. Kada ka ƙara nisa sai sun riga ka isa gida. Da safe, sama a washe, ba hazo ba iska mai ƙarfi. In ka isa, ajiye kwandon minti 10 su natsu kafin ka buɗe. Ka saba musu da shan ruwa a cikin kwandon ma. Mai ƙoshin lafiya tana yin kilomita 60 zuwa 80 a awa, don haka in daga kilomita 10 sun yi awa biyu, ka koma baya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ga gaggawa ce ta kashe ni. Baba, huɗun can fa, mutumin ya ce in zo in ɗauka. In karɓo ko in bar masa?

Dattijo mai kiwo:

Karɓo abinka, ɗana, ai ka biya. Ka yi musu fili na waya mai rufi a jikin ɗakin, su sha rana su yi wanka, amma ƙofar waje ba tasu ba ce. Ka haɗa su biyu-biyu, ƙwai yana ƙyanƙyashewa a kwana 18. In mutumin ya yarda ya musanya maka su da 'yan shila masu kwana 30, to wannan ya fi. Ramammen nan kuma kada ya sake ganin kwando sai ƙirjinsa ya cika.