Nawa zan riƙa warewa na haraji?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina aikin albashi a wani kamfani, ina yi musu zanen talla. Shugaban sashenmu ya sa ni gaba, aikin da na kwana ina yi sai ya kai wa manya da sunansa, hutu kuwa sai da roƙo. Na haƙura har na gaji, na ajiye aikin na fara cin gashin kaina. Alhamdu lillahi aiki na samuwa. Damuwata haraji. A da kamfani ke cirewa kafin albashi ya zo hannuna, yanzu kuɗin zuwa suke cif, kuma a asusu ɗaya nake haya da hidimar gida. Wallahi abin na hana ni barci.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, maganar ba ta da tsawo. Duk kuɗin da ya shigo, a ranar ki cire kashi 30 cikin 100 ki tura wani asusu da ba ki da katinsa. Ki ɗauka ajiya aka ba ki.

Hajiya: Kashi 30 ya yi yawa ga mai farawa. Ai riba ake yi wa haraji. Kuɗin data, manhajar zane, gyaran kwamfuta, duk ana cirewa tukuna. 'Yata, ki dai adana rasit.

Wani ɗan'uwa: Ku kuna ta haraji, ni wanda na yi wa aiki har yau bai biya ni ba. Na kira har ya daina ɗagawa. Me zan ware?

Yaya Babba: Hajiya, da girmanki, amma irin wannan lissafin ke jefa mutane a rami. Wasu ƙasashen ma tun kafin shekara ta ƙare suke karɓa. A Amurka sau 4 ake biya a shekara. A Ingila, ranar 31 ga Janairu mutum kan biya na bara a haɗa masa da rabin na gaba. Gara ta ware ya yi saura. Kashi 30, ban rage ko ɗaya ba.

Mai tambaya: Na gode Yaya, amma aikin nan wani watan a samu, wani watan shiru. In na kulle kashi 30, da me zan biya haya? Asusu ɗayan ma ina sane na bar shi, don in riƙa ganin komai wuri guda. Rasit kuma suna cikin wayata.

Hajiya: To wace ƙasa kike, kuma kin yi rajista da hukumar haraji? Sai mun san wannan.

Mai tambaya: Hajiya, rajistar nan sai na ga aikin ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Ni dai kashi 10 nake ganin zan iya.

Yaya Babba: Goma? Tab.