Sigina mai kusurwa yana lanƙwashewa a allon osiloskof: me kuka gani a wajen aikinku?

Ɗalibin lantarki, Kabuga:
Assalamu alaikum. Janaretan siginar da muke amfani da shi, wato na'urar da ke samar da siginar gwaji, yana fitar da sigina mai kusurwa tsaf a kilohaz 1, amma da na kai shi megahaz 10 sai kusurwoyin suka zube, ya koma kamar tudu da kwari. Osiloskof ɗin, wato na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, na megahaz 20 ne. Ina roƙon manya su faɗa mana abin da suka gani.

Malamin ɗakin gwaji, Gwale:
Wa alaikumus salam, ɗana. Duk shekara ɗalibaina suna kawo mini wannan ƙorafi, kuma yawanci janaretan ba shi da laifi. Sigina mai kusurwa haɗuwa ce ta ainihin mitar (yawan zagayowar sigina a sakan ɗaya) da ninkinta na uku, na biyar, na bakwai da sauransu, don haka siginarka na ɗauke da megahaz 30 da 50, waɗanda na'urarka ta danne su. Ko a daidai megahaz 20 ɗin da aka rubuta a jikinta, kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayin siginar kawai take nunawa, shi ya sa muke neman osiloskof da ya ninka mitar sau biyar. Lissafin da nake sa su yi shi ne raba 0.35 da iyakar mitar na'urar, domin a san lokacin hawanta, wato lokacin da gefen sigina ke ɗauka ya tashi daga ƙasa zuwa sama: ta megahaz 20 tana ba da nanosakan 17.5, ta megahaz 100 kuwa 3.5. Janaretan da ke hawa cikin nanosakan 12 zai bayyana da kusan 21 a ta farko, amma 12.5 a ta biyu.

Mai gyaran inbata, Sabon Gari:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ni tsinken awo, wanda ke ɗauko sigina zuwa osiloskof, shi ne ya fi ba ni wahala. Idan maɓallinsa yana kan 1X, megahaz kaɗan yake wucewa komai tsadar na'urar. Nakan mayar da shi 10X, in maƙala shi a ƙarfen gwajin da ke gaban osiloskof, in juya ɗan sukurun jikinsa har saman siginar ya miƙe sambal. Doguwar wayar as (earth) ɗin nan ta tsinken, mai bakin kada, ma tana sa kusurwa ta riƙa rawa.

Injiniyan sadarwa, Tarauni:
Ni kam ba na wanke janareta gaba ɗaya. Adadin mitar da ake bugawa a kwali galibi na sigina mai lanƙwasa ne, na mai kusurwa yana cikin littafin na'urar kuma sau da yawa bai kai haka ba. Na gwada wani mai araha da osiloskof na megahaz 200, ta kebul mai mahaɗin BNC da resista ta om 50 a ƙarshensa, amma gefen siginar bai daina kishingiɗa ba. Ƙanena, ka sa wannan om 50 ɗin, ka tuna tsayin siginar zai ragu da rabi, sannan ka turo mana hoton allon.