Neman kalma: me za mu kira wurin da muke zama da kwamfuta muna shan shayi?

1/
Jama'a, salamu alaikum. Yau neman kalma ne ya kawo ni, kuma Hajiyarmu ce ta jawo. Da safe na rataya jakar kwamfuta na leƙa ɗakinta na ce, "Hajiya, na tafi kafe." Ta ce in dakata. Ta ɗaga katifa ta zaro leda, ta miƙo min takardun jikarta, wai tunda can za ni in duba wa yarinya sakamakon JAMB, in kuma yo hoton takardar haihuwa guda biyu. Na karɓa ban yi musu ba. Ai ba ta yi kuskure ba, ni ne na faɗi kalmar da ba tawa ba.

2/
Inda nake zuwa daban ne. Wuri ne da ake sayar da shayi da gahawa da ɗan abin taɓawa, akwai tebura, akwai wuta, akwai intanet. Mutum ya zo da kwamfutarsa ya zauna awa uku ko huɗu yana aikinsa. Ni fassara nake yi. Na kusa da ni yana haɗa bidiyon biki, wata tana zana tambarin kamfani, wani yana taro da mutanen da ya ce suna Nairobi. Turawa café suke cewa. Mu fa?

3/
A fara da "kafe" ɗin, tunda shi ne ya fi kusa da baki. A Najeriya an riga mu. Tun farkon shekarun 2000 kafe ya zama shagon intanet, wato cyber café, inda ake sayen lokaci awa-awa a buɗe imel. Da waya ta ƙwace wannan kasuwa sai ya koma wurin cike fom, rajistar jarrabawa da buga takardu. Ba wanda ya taɓa shan ko ruwan zafi a ciki. Mun karɓi rabin sunan, mun bar wa masu shi gahawarsu.

A Nijar kuma, saboda Faransanci, in ka ce kafe abin shan ne kansa zai zo a ran mutum. Ga kuma namu na gida: yaro ya kafe a kan sai an saya masa. Kalma ɗaya tana ɗauke da kaya uku, mu zo mu ɗora mata na huɗu? A tausaya mata.

4/
Wani ya ce "gidan kofi". Na gode, amma ka faɗa wa tsohuwa haka ka gani ko ba za ta aike ka sayen kofunan silba ba.

5/
"Mashaya" ta zo min a rai, don ginin kalmar daidai yake: wurin sha. Ko minti ɗaya ba ta yi ba na kore ta. Mashaya biyu Bahaushe ya sani, ta shanu da ta giya. Ka tura wa surukinka saƙo ka ce kana mashaya tun hantsi, ka ga yadda za a kwashe.

6/
To, "gidan gahawa". Wannan ina son sa, kuma bari in ɗan daɗe a kansa.

Café ɗin da muke ta wahala da shi ɗan uwan gahawarmu ne na jini. Larabawa suka ce ƙahwa. Turkawa suka karɓa suka ce kahve. Daga nan Italiyawa suka mai da shi caffè, Faransawa café, sunan abin sha ya zama sunan ɗakin da ake shan sa. Misirawa ma haka suka yi, ahwa ce a kofi, ahwa ce wurin zaman.

Mu kuma ku lura da harafin farko. Kalmomin Larabcin da suka shigo mana ta hannun malamai da littafi da ƙ suka zo: alƙalami, alƙali, Alƙur'ani. Gahawa kuwa da g ta zo, yadda Larabawan Sudan da Chadi suke furta wannan harafi. A ganina wannan alama ce ta cewa ba ta allo ta biyo ba, ta bakin fatake da alhazan ƙasa ta shigo. Duk wanda ya zauna da 'yan uwanmu Hausawan Sudan ya san matsayin jabana, wato gahawar gargajiya, a wurinsu, ana soya ƙwayar a gabanka, a daka, a sa citta.

Saboda haka in muka ce gidan gahawa ba aro muka yi daga Turai ba. Mu da su wuri ɗaya muka ɗebo.

7/
Kuma zaman aiki a gidan gahawa ba 'yan kwamfuta suka fara shi ba. A Santambul an buɗe irin waɗannan gidaje tun wajen 1555. Landan ta samu nata na farko a 1652. Wajen 1688 wani Edward Lloyd yana da nasa a kusa da kogin Thames, inda matuƙa jiragen ruwa da masu jiragen da 'yan kasuwa suke taruwa don jin labarin wane jirgi ya iso, wane ya nutse. A kan waɗannan tebura aka riƙa ƙulla yarjejeniyar inshorar jirage, har abin ya zama kasuwar inshorar nan ta Lloyd's da ke nan har yau. Mai shayi ne fa, in ka cire hular Turanci.

8/
Sai dai gidan gahawa bai gama biya min buƙata ba. Yana gaya maka abin da ake sha, bai gaya maka ko za ka iya aiki a ciki ba. Na taɓa shiga wani a nan Kano, ba zan kama suna ba, ado kam ba a magana, fitilu kamar gidan amarya. Na buɗe kwamfuta sai na ga soket ɗaya ne tal a ɗakin, shi ma firjin lemo ne a jikinsa. Kujerun irin masu nutsewar nan ne, gwiwarka ta fi teburin tsawo. Kiɗa na tashi, 'yan mata uku suna ɗaukar bidiyo a bayana. Minti arba'in na yi, na fassara layi shida, na biya kuɗin da zai saya min shayi da burodi da ƙwai na kwana uku a bakin layinmu. Gidan gahawa ne, ba ƙarya. Amma ba wurin da nake nema ba ne.

9/
Bahaushe da aikin da ake yi a wuri yake raɗa masa suna: marina, maƙera, majema, masaƙa, makaranta. Da wannan hanya za mu bi, "ma'aikata" ce za ta fito, ita kuma gwamnati da masu masana'antu sun riƙe ta gam. In na ce ina ma'aikata za a tambaye ni ta ilimi ko ta lafiya.

10/
An kawo "majalisa". Wani ɗan uwa daga Damagaram ya ce su "fada" suke cewa, inda samari ke zama a kan benci ana dafa shayi a kan gawayi, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku. Na san fada, na sha shayinta, Allah ya saka. Amma Malam, tsakani da Allah, wa ya taɓa gama aiki a fada? Majalisa da fada hira ce jarinsu. Wanda ya zo ya sa abin kunne ya yi shiru awa biyu, gobe za a ce girman kai ya shige shi.

"Teburin mai shayi" ma haka. Can ake warware siyasar duniya kafin Indomie ta nuna. Wurin ci ne a tashi a ba wani benci.

11/
Ga abin da na tsaya a kai: zauren aiki.

Ku tuna zauren gidan da kuka tashi a ciki. Ba cikin gida ba ne, ba kuma titi ba ne. Baƙo yana shiga ya zauna ba tare da ya keta hurumin kowa ba. A nan tela yake kafa kekensa, a nan mai aikin hula yake zama da allura, a nan baduku yake yanka fata, malam yana gefe yana rubutun allo. Kowa da abin da ya sa a gaba, ana jefa magana jefi-jefi, hannu bai tsaya ba. In an kawo kunu daga cikin gida a sha. Wannan shi ne ainihin zaman da nake nema in na ɗauki jaka da safe: in kasance cikin mutane, amma ba a hannunsu ba.

12/
Wata 'yar uwa mai zanen kaya ta yi min gyara mai nauyi. Ta ce, "Yaya, zaure ai na maza ne. Mu wucewa muke yi da sauri, kai a ƙasa." Gaskiyarta. Kuma rabin waɗanda nake gani a irin wuraren nan mata ne, wasu ma sun fi mu samun aiki.

Amsar da na ba ta ita ce kalmar ta riga ta fita daga ƙofar gida. Yau muna cewa zauren WhatsApp, kuma akwai na mata zalla, na girki, na adashi, na 'yan ajinmu. Gidajen rediyo suna cewa zauren majalisa, har da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta ce ta ji, amma ita "rumfar aiki" ta fi kwanta mata, don rumfa ta kasuwa ce, ta kowa ce. Ban ƙi ba. Abin da ya hana ni ita, rumfa tana nuna wuri naka na kanka inda kake sayar da kaya, mu kuwa baƙi ne masu sayen zama.

13/
Amfanin sunan shi ne ya zama ma'auni. Ba kowane gidan gahawa ne zauren aiki ba, sai ya ci sunan.

Ni kafin in zauna ƙasan bango nake fara dubawa, ba takardar abinci ba. Soket nawa ne, kuma a kusa da wane tebur? Sai in tambayi yaron wurin, in an ɗauke wuta me ke faruwa? In ya ce sola da batir, madalla. In ya ce janareta, sai in tambaya a ina aka ajiye shi, don wanda ke bayan taga ba zai bar ka ka yi taro da kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wurare da yawa ba sa tayar da inji saboda mutum biyu, kuma ban ga laifinsu ba. Gara dai ka sani tun kafin batirinka ya kai kashi goma.

Intanet kuwa kada ka yarda da "akwai". Karɓi lambar sirrin, ka tura wani babban fayil ka gani. Saukewa daban, ɗorawa daban. Mai haɗa bidiyo ɗorawa ce damuwarsa, kuma nan ne yawancin wurare suke faɗuwa. Wasu sun sa Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, tun da ya shigo Najeriya a farkon 2023, amma ko shi in mutum ashirin suka hau kai za ka ji a jikinka. Ni dai ban taɓa fita ba data a wayata ba.

14/
Akwai abin da Turawa ba sa lissafawa in suna auna irin wannan wuri: ina za ka yi alwala, ina za ka yi Azahar, kuma wa zai duba maka kwamfuta in ka tashi? Wurin da ya tanadi buta da darduma a wani lungu, da banɗaki mai tsabta wanda mace za ta iya shiga hankali kwance, ya riga ya yi rabin cin sunan a wurina.

15/
Mu ma akwai namu haƙƙin. Zaure na mai gida ne. Wutar da kake ja da sanyin da kake sha kuɗi ne, musamman in layin wurin na rukunin A ne, wato layukan da suka fi samun wuta, waɗanda aka ninka wa kuɗin wuta fiye da sau uku a watan Afrilun 2024. Ka sayi shayi ɗaya ka shimfiɗa waya da caja da littafi a tebur mai kujera huɗu tun safe har La'asar, wannan rashin kara ne. Ni ƙa'idata duk awa biyu in sake sayen wani abu, in wuri ya cika lokacin cin rana in koma ƙaramin tebur, in kira ya shigo in fita waje. Wasu wuraren sun huta da jin kunya, sun yanka kuɗin zama na yini. Wannan ma zauren aiki ne, na haya.

16/
Saura mu masu zaman. Wanda yake da uban gida amma ba ya zuwa ofis, "mai aiki daga nesa" ya ishe shi. Lokacin korona a 2020 "aiki daga gida" aka saba ji, to amma ga shi mun baro gidan.

Wanda ba shi da uban gida kuwa, kafafen labarai suna cewa "mai zaman kansa", kamar ɗan jarida mai zaman kansa. Yana da kyau a takarda. Ni a baki na fi son "ɗan jinga". Jinga muke yi: a yi ciniki a kan aiki, ka gama, a biya ka, kowa ya kama gabansa, kamar mai ginin katanga ko mai noman gona. Wani ya ce kalmar ta yi ƙasa da mai digiri. Na ce ranar da aka riƙe maka cikon kuɗinka wata biyu za ka san kai ɗan jinga ne.

17/
Inda muka kwana ke nan a wurina. Kafe ya zauna a shagon cike fom. Café na shan abu da hira, gidan gahawa. Wanda ya tanadi wuta da intanet da shiru, zauren aiki, jam'insa zaurukan aiki. 'Yan uwa na Agadas, Kumasi, Garwa da Anjamena, ku faɗa mana abin da kuke cewa a can, ƙila kun riga mu samun wadda ta fi.

18/
Na dawo da yamma na ba Hajiya takardun jikarta, don sai da na biya ta kafen gaskiya aka buga. Na ce mata daga yau in na fita zauren aiki na tafi. Ta dube ni ta ce, "Zauren wa?" Na ce na wani mai sayar da gahawa. Ta ce to in gaishe shi, kuma in daina zama wa mutane a zaure har Magariba.