Don Allah wace dabba ce ke kashe mini kaji?

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a unguwar Gamkale, nan Yamai, gidanmu ba nisa da kogi. Kuɗin adashena na kwashe bara na sayi kaji 14 da zakara, don in riƙa samun na littafin yara da na magani, tunda maigida aikinsa na gini ne, yau akwai gobe babu. Surukata ta ce in sayi tunkiya, na ƙi, yanzu ga shi bakin magana ya samu. Saura kaji 8. Cikin waɗanda na rasa, biyu na tarar da su kwance, wuya a huje, kan ɗaya babu, amma ba a taɓa naman ba. 'Yan tsaki kuwa ɓacewa suke, ko gashi ba na gani. Ƙwai ma ya ragu. Ko barci ba na iyawa.

Baban Abdu: Wa alaikumus salam. Hajiya, muzuru ne, kada ki wahalar da kanki. Tun ina yaro nake kiwo.

Inna ta Talaje: Da dare abin ke faruwa ko da rana? Ba ki faɗa ba 'yata. Ɗan tsakon da ya ɓace da rana ba alama, wannan shirwa ce ko shaho. Ƙwai in ya tafi babu ɓawo, maciji ne ya haɗiye, ko guza tunda kina bakin ruwa. Hankaka da gafiya su sukan bar ɓawo a fashe.

Baban Abdu: Inna, duk muzuru yana yi.

Malam na Bukoki: A'a Alhaji. Muzuru ɗauka yake ya tafi ya ci, ya bar fukafukai. Mai cizon wuya ya bar nama ya fi kama da tunku, kuma ƙaramar kafa ta ishe shi shiga. Hajiya, ki tankaɗe toka ki barbaɗa kewaye da wurin kwanansu da magariba, da asuba ki duba kafin yara su taka. Sawun kyanwa ba ya nuna farce, na kare yana nunawa, na tunku ƙanana ne da farce. In kin ga layi a tsakiya kamar an ja igiya, jelar guza ce.

Maman Biyu: Ni karen maƙwabci ya kashe mini zabi 6 a yini ɗaya, gashi ko'ina a tsakar gida, bai ci ko ɗaya ba. Na je da magana, matar ta ce in kawo shaida. Har yau ba ma gaisawa. Mai unguwa ma cewa ya yi mu yi haƙuri, haƙurin me?

Baban Abdu: Ki sa maganin ɓera a kan kifi ki ajiye. Kwana ɗaya an gama.

Inna ta Talaje: Subhanallahi, gida da yara ƙanana? Kajin ma su za su fara tsattsaga. Ki je kasuwar Katako ki sayo ragar waya mai ƙananan idanu, a binne gindinta cikin ƙasa, a rufe sama.

Maman Nana: Inna, raga kuɗi ce. Kuma akurkina lafiyarsa lau, na ƙasa ne, maigida ya gina da hannunsa, da faifan kwano nake rufewa in ɗora dutse. Manyan dai lokacin zafi ina barinsu su kwana kan dogonyaro, ai haka uwata take yi a ƙauye, ba abin da ya taɓa su.

Malam na Bukoki: To waɗanda suka mutun, a akurki kika same su ko a gindin itacen? In a gindin itace ne, kuma kai babu, har mujiya ta shiga lissafi.

Maman Nana: Ba zan kulle su cikin wannan zafin na Yamai ba Malam, mutuwa za su yi.

Baban Abdu: Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma na faɗa miki, muzuru ne.

Maman Biyu: Ki dai sa ido kan maƙwabta, wani mai ƙafa biyu ne.

Maman Nana: Tokar nan, ta gawayi tana yi ko sai ta icce?