Budurwa ce ko yarinya? Cacar baki a zauren tsofaffin ɗalibai

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Tun daren Talata 'yan sanda suka zo suka tafi da ɗan baffana, direban keke ne, shekararsa 27, yaron da ko kallon banza bai taɓa yi wa wani ba. Wai fyaɗe. Alhali duk layin an san budurwarsa ce, wata biyar yana zuwa zance ƙofar gidansu. Tsohuwarsa tun asuba take zaune a gindin bishiyar ofishin 'yan sanda da kular abinci, an hana ta ganinsa. Mai keke kuma sai kira yake, balas ɗinsa kawai yake tambaya. Ni tambayata ɗaya ce, ana ba da beli a irin wannan ko ba a bayarwa? Talaka dai ba shi da gata a ƙasar nan.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Budurwa ka ce? Shekarunta nawa?

Ɗan Rigasa: Anti, ai ba ni na haife ta ba. Za ta yi 16 ko 17.

Maman Ilham: In dai wadda nake zato ce, ajinsu ɗaya da 'yar ƙanwata, aji biyu na ƙaramar sakandare. Kullum da safe ina ganinsu sun jero da farin hijabi, kowace da robar ruwanta a hannu. 13 ce, in ta yi yawa 14. Ka daina ce mata budurwa don Allah, yarinya ce.

Malam Na Bakin Kasuwa: Hajiya, a bar Hausa yadda muka gaje ta. Duk 'ya macen da ta tasa ba ta yi aure ba, budurwa sunanta. Ba Bature ne zai koya mana harshenmu ba.

Maman Ilham: To Malam, 'yarka ta aji biyu in wani ƙato mai gemu ya ce budurwarsa ce, ƙamus za ka ɗauko ko taɓarya?

Malam Na Bakin Kasuwa: Kar ki sa iyalina a ciki. Magana ake ta ilimi.

Baban Walid: Ni kalmar fyaɗen ce ma ba ta kwanta min ba. Fyaɗe ai da ƙarfi ake yi. In da yardarta, a kira shi lalata, a hukunta su duka biyun.

Barista Ƙarami: Yaya, a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Doka ba ta lissafa yardar ƙaramar yarinya a matsayin yarda. Tun a tsohon kundin Penal Code na Arewa, sashe na 282, an rubuta cewa in ba ta kai 14 ba fyaɗe ne, ta yarda ko ba ta yarda ba. Dokar kare haƙƙin yara ta Tarayya ta 2003 ma ta fi haka tsanani: yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba, kuma sashe na 31 ya ce ko mutum ya rantse ya ɗauka ta girma, wannan ba hujja ba ce. Ɗaurin rai da rai ne. Kaduna ta yi tata dokar yaran a 2018.

Baban Walid: Kai yaushe ka zama barista? Ba a bara ka ce mana kana makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ba?

Barista Ƙarami: Bwari nake, ba Bagauda ba. Kuma sashen bai canza ba don ban sa gashin lauya ba tukuna.

Malam Na Bakin Kasuwa: Kun gani ko? 14 a wannan littafi, 18 a wancan. Su kansu ba su daidaita ba. Ni dai na tsaya a kan budurwa.

Nas Hauwa: Don girman Allah ku saurara. Tun ɗazu ake ja a kan sunan da za a kira ta, ba wanda ya tambayi halin da take ciki. An kai ta asibiti? Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce ya wuce. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, aikinsu ke nan. Wanda ya san gidan ya faɗa wa uwarta cikin sirri.

Mutumin Fagge: Wai tsaya, mene ne direban keke? Keke kuma har da direba? Adaidaita sahu ake cewa.

Ɗan Rigasa: Mu a Kaduna keke muke cewa. Ɗan uwana yana bayan kanta kai kana gyara min Hausa.

Shugaba: Barista bai faɗi babbar ba. A watan Satumbar 2020 Malam Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran doka: wanda kotu ta samu da laifin yi wa 'yar ƙasa da 14 fyaɗe, dandaƙa da kisa. In ta haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Shi ya sa shekarun nan da kuke wasa da su ba abin wasa ba ne. Namiji ne ya yi wannan aiki.

Uban Tafiya: An fara. Shi namijin da ya kori malaman firamare sama da 21,000? Yayata tana cikinsu, har yau awara take soyawa a ƙofar gida.

Shugaba: Jarrabawar 'yan aji huɗu aka ba su. Kar ka sa in yi magana.

Uban Tafiya: Yi mana. Dama kowa ya san inda kake cin abinci a lokacin.

Mutumin Fagge: Ku dai 'yan Kaduna komai sai kun yi da zafi.

Shugaba: Ku da sai a 2023, Ganduje yana haɗa kayansa zai bar gidan gwamnati, sannan ya sa hannu a dokar kare yara. Shekara 20 bayan ta Tarayya. Ka yi shiru kawai.

Baban Walid: A turo hotonta mana kowa ya gani, a huta da gardamar budurwa ko yarinya.

Maman Ilham: A'uzubillahi. Duk wanda ya saka hoton 'yar mutane a nan, wallahi ni da kaina zan kai sunansa. Ubanta kwana uku ke nan ko masallaci bai fito ba, jiya na wuce na ga tabarmarsa a naɗe a zaure. Bai ishe ku ba?

Malam Na Bakin Kasuwa: Shawarata, manya su shiga. A je wurin mai unguwa, a ba iyayen haƙuri, su janye ƙara, in ya so a ɗaura musu aure asiri ya rufu.

Nas Hauwa: Asirin wa, Malam? Na yi aiki a ɗakin haihuwa, na ga abin da naƙuda take yi wa 'yan wannan shekarun. Yoyon fitsari ba a labari na ji shi ba.

Barista Ƙarami: Kuma ba ƙarar iyaye ba ce da za su janye yadda suka ga dama, gwamnati ce mai ƙara. Ɗan Rigasa, in kana son ɗan uwanka, ku nisanci gidan yarinyar, zarya da roƙo a can nauyi za su ƙara masa. Haƙƙinsa yana nan: sashe na 36 na tsarin mulki ya ce ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, kuma ya kamata a ce an kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Irin wannan tuhuma majistare yakan tura mutum gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, belin kuma a babbar kotu ake nema. In babu kuɗin lauya ku je ofishin Legal Aid, masu ba marasa hali lauya kyauta.

Baban Walid: Ɗalibi ya zama alƙali.

Ɗan Rigasa: Ni dai na ga kowa ya riga ya yanke masa hukunci. Anti, har da ke da kika ci tuwon gidanmu.

Maman Ilham: Na ci, kuma tsohuwarsa tana ba ni tausayi. Amma ka dawo ka ce min shekarunta nawa, ka tambayi makarantarsu, rajista ba ta ƙarya.

Malam Na Bakin Kasuwa: Rajistar da ake rage wa yara shekaru? Budurwa dai.

Shugaba: To ya isa haka, dare ya yi. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba sa nan. Ɗan uwanmu ya kawo kukansa, mun jajanta masa. Mafi yawan 'yan zaure sun gamsu cewa dokar 2020 ita ce maganin wannan masifa, kuma jihar Kaduna ta riga kowa. Maganar budurwa da yarinya an bar wa malaman Hausa. Abin takaici, wasu mutum biyu, ɗaya daga Kano ɗaya mai tsohon ƙulli, sun so su mayar da zancen siyasa, an ja musu kunne. Barista ya ɗan yi ƙoƙari daidai karatunsa.

Uban Tafiya: Mafi yawa? Kai kaɗai ka ambaci dokar nan. Kuma wa ya fara kawo siyasa?

Nas Hauwa: Shugaba, maganar asibitin fa? Ko layi ɗaya ba ka sa ba.

*Shugaba ya sauya tsarin zaure: masu kula da zaure kaɗai ke iya aika saƙo.*